Ruwan da Ya Ci Bukar na Kademi

Abin da ya fara tarbata a Ikko wari ne. Ina saukowa daga jirgin ƙasa ya buge ni: warin kwata, da na ruɓaɓɓen kifi, da wani ƙarni mai gishiri-gishiri da aka ce mini na teku ne. Yaƙin basasa ya shiga shekararsa ta biyu a lokacin. Sunana Ilu, mutumin Gafasa ne ni, ban taɓa wuce Kano ba. Gyaɗarmu ce ta lalace a gona, na ce bari in je inda ake cewa ko dako mutum ya yi zai ci, har ya aika gida.

An haɗa ni da wani mai masauki, mutumin ƙasarmu, wanda ya daɗe a can. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce garin ɓarayi ne, in kawo babbar rigata da bargona ya adana mini a ɗakinsa. Na miƙa masa ina godiya. Ranar Juma'a a masallaci sai ga rigata a jikin ƙanensa, sahu ɗaya a gabana, har da ɗan ɗinkin da matata ta yi a bakin aljihu. Da na yi magana, mai masaukin ya ce riga ce ta yi kama da riga, kuma in sata nake so in ɗora wa iyalinsa, ga hanya nan. Na ɗauki buta da tabarmata na fita.

Wadda ta riƙe ni a kwanakin nan wata Bayarabiya ce mai sayar da shinkafa da wake kusa da tashar jiragen ruwa. Ba ta jin Hausa, ba na jin Yarabanci. Takan kankare mini ƙanzon tukunya ta zuba ɗan mai a kai, ni kuma in ɗebo mata ruwa. Ita ce ta ja hannuna wata safiya ta kai ni gaban wani helman lebura, ta yi ta yi masa faɗa da yarensu har ya ɗauke ni. Na yi dakon buhuna a tashar har bayana ya saɓule ya warke. Ana nan sai helman ya ce ana neman lebura da za su bi jirgi zuwa gabas, a sauke wa soja kayan abinci a dawo. Ya rantse zuwa ɗaya ne, dawowa ɗaya. Na shiga.

Ban taɓa ganin ƙazanta irin ta jirgin nan ba. An cusa sojoji kamar awakin kasuwa, yawancinsu sababbin ɗauka, ba wanda ya taɓa hawa ruwa. Muna fita teku kowa ya kama amai. Bayan gidan ya cika ya tumbatso, in jirgin ya karkata sai abin ya gangaro ta tsakanin ƙafafun mutane, in ya karkata ɗaya gefen ya koma. Na rakuɓe jikin buhunan garin kwaki, cikina ba komai amma yana ta yunƙuri, ina kiran sunan Allah ina kiran na mahaifiyata.

Sai na ji an dafa kafaɗata, an ce, "Sannu, bawan Allah. Daga ina?"

Na ce, "Gafasa."

"Gafasa ta wajen Ajingi? Ni ɗan Kademi ne. Tashi zaune, Yaya. Ka daina kallon ƙafarka, kalli can nesa inda ruwa ya haɗu da sama."

Na ɗaga kai na ga wani siririn saurayi cikin kayan sojan ruwa, da jakar magani a rataye, da siraran tsagen Barebari a kumatunsa. Da ƙyar in ya wuce shekara ashirin. Ya ba ni wata ƙwaya da ruwan gorarsa, ya zauna a kan buhu kamar ba ya jin warin da ke wurin. Sunansa Bukar. Da ya faɗi sunan mahaifinsa, Malam Modu mai kanwa, sai na gane rumfar: a nan muke sayen kanwar da muke ba shanun noma in mun ci kasuwar Kademi. Na ce masa na san tsohon, mai ɗaure fuska, ba ya ragi. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce lalle na san shi.

A hanyar ya ba ni labarinsa. Ya gama firamare a Gaya, ya zauna a ɗakin shan magani na garin yana taya diresa wankin miki da ɗaurin bandeji. Da yaƙi ya tashi aka zo neman masu ɗan ilimi, ya tafi ba da son uwarsa ba. A Ikko aka koya masa allura da ɗinkin rauni, aka kuma jefa shi cikin ruwa har ya iya iyo. Ya ce shi da duk iliminsa na ruwa kududdufin bayan gari ne, ga shi wai sojan ruwa. Sojoji kuwa Likita suke ce masa, ko ya hana ba sa ji.

A Fatakwal muka sauke kaya. Kafin mu gama, helma ya ɓace, jirgin kuma ya juya ya tafi ba mu. Aka tattara mu leburori aka rarraba wa rundunoni kamar kayan gado: wasu haƙan rami, wasu dakon harsashi. Bukar ya ga ana shirin tura ni gaba, ya je ya roƙi na sama da shi, ya ce yana bukatar mai ƙarfi da zai riƙa ɗaukar masa waɗanda suka ji rauni. Haka na zama mai ɗaukar marasa lafiya, ni da ko yankan kaza ba na so in tsaya a kai.

Daga nan aka kai mu wani ƙaramin gari a cikin rafuffuka, wanda har na baro shi bakina bai iya faɗin sunansa ba. Ba hanyar mota, sai ruwa. Ko'ina taɓo ne baƙi mai wari, da itatuwa masu saiwoyi a tsaye cikin ruwa kamar ƙafafun gizo. Ruwan yakan cika ya janye kullum, in ya janye sai ya bar abin da ya kwaso. Wani lokaci gawar akuya, wani lokaci ta mutum.

Wata makaranta aka mayar asibiti. Muka haɗa bencuna muka shimfiɗa mutane a kai. A nan na ga miki yana motsi da tsutsa, na ga ƙafar da ta yi baƙi tana zubar da ruwa mai ɗoyi, ƙuda kuwa har cikin bakin mutum in ya buɗe zai yi magana. Farkon zuwana nakan fita in yi amai in dawo. Bukar ba ya ko yamutsa fuska. Yakan durƙusa ya tsince tsutsar ɗaya bayan ɗaya yana jan mai raunin da hira, in Tibi ne ya ɗan taɓa yarensu, in Bayarabe ne haka, duk a karkace, su yi ta yi masa dariya suna cije leɓe. Na tambaye shi yadda yake jurewa. Ya ce miki ba ya ba shi ƙyama, ai miki bai yi laifin komai ba.

Na fahimci abin da yake nufi ba da daɗewa ba. Mata sukan fito daga daji da 'ya'yansu, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar karan dawa. An aiko da garin madara da busasshen kifi domin irinsu, mu ne ma muka sauke buhunan da hannunmu. Amma sai ka ga madarar a kasuwa ana aunawa da gwangwani. Sajen da ke riƙe da mabuɗin sito ya yi tumbi a cikin wannan yunwar. Har allurar asibiti yana fitarwa. Wani soja da ƙusa kawai ya taka ya sandare a hannunmu, haƙoransa a datse, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, saboda allurar da za a yi masa tana can a tebur ɗin wani a kasuwa. Bukar ya kai ƙara, aka ce masa ya tsaya a kan aikinsa. Daga ranar ya riƙa raba abincinsa biyu, rabi yana dama wa yaran. Ya rame har wandonsa sai da igiya.

Abin da ya fi ci mini rai, ba baƙi ba ne kaɗai ke wannan aiki. Da namu a ciki, masu jin Hausa, masu alwala su yi salla a gefenka. A idar da salla su shiga gidajen da mutane suka gudu suka bari, su ɓalle ƙofa, su kwashe har da tukwane da hotunan bango. Ɗakin ajiyar makarantar ya cika da rediyo da katifu da kekunan ɗinki, alhali marasa lafiyarmu suna kwance a baranda ruwan sama yana feso musu.

In aiki ya lafa da la'asar, mukan zauna a bakin ruwa ni da Bukar muna korar sauro, mu yi ta zancen gida. Shi burabuskon uwarsa, Ya Falmata, yake tunawa, da miyar kuka mai man shanu. Ni kuma furar kasuwa da ɗanyar gyaɗa in an tuge ta da safe. Mukan yi gardama a kan wace ƙasa ta fi gero mai kyau, tasu ko tamu, kamar ba tafiyar yini ɗaya ba ce tsakaninsu. Ya ce in an gama yaƙi zai koma karatu, ya dawo ya zauna a Gaya yana duba mutane, ya gaji da ganin ana ɗora mace mai naƙuda a kan jaki ana neman mota. Bai taɓa kirana da sunana gatsau ba. Kullum Yaya Ilu.

Wata safiya aka yi arangama a wani ƙauye can gaba, aka kawo mana mutum uku da Bukar ya ce aikinsu ya fi ƙarfinsa, sai an kai su babban asibiti a Fatakwal. Ɗaya kofur ne Tibi, harsashi ya farfasa masa cinya. Ɗaya Bayarabe ne, harsashi ya same shi a ciki. Na ukun fursuna ne, sojan wancan ɓangaren, an harbe shi a ƙirji amma yana numfashi. Wasu sun ce a bar shi nan ya ƙarasa, Bukar ya ce wanda duk aka shimfiɗa a bencinsa nasa ne. Aka ba mu kwale-kwale mai inji. Muka jera su ukun a ciki, kowa a kan gadon ɗaukarsa, na zauna a gefen kofur ina riƙe masa ƙafa.

Mai tuƙi na shirin tayar da inji sai ga wani hafsan sojan ƙasa ya gangaro da yaransa, suna ɗauke da kaya. An ba shi hutu zai tafi gida, yana so ya riski jirgin da zai tashi daga Fatakwal. Bahaushe ne, ina jin maganarsa na san ba nesa da mu ya fito ba. Suka fara lodi: kekunan ɗinki, garmaho, katifu, bandur na kwanon rufi, sannan wani farin firji da ƙarti suke nishi a ƙarƙashinsa. Kwale-kwalen ya yi ta nutsewa har ruwa ya kusa bakinsa.

Bukar ya ƙame ya sara masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a bari in kai mutanen nan tukuna. Da an sauke su jirgin zai dawo ya ɗauki kayan."

Hafsan bai ko dube shi ba. Ya ce jirgin teku ba zai jira shi ba, kaya da mutane tare za su tafi. Da aka rasa inda za a ajiye firjin, ya nuna ni da sandarsa ya ce wannan ƙaton ya sauka. Ya kuma sa aka ɗaure hannuwan fursunan a jikin gadonsa da igiya, wai kada ya yi musu wani abu a hanya, mutumin da ko kansa ba ya iya ɗagawa. Shi kuwa hafsan ya ce zai biyo baya a ƙaramin jirgi, ba zai zauna cikin warin jini ba.

Na sauka. Bukar ya miƙo mini gorar ruwansa, ya ce in riƙa ɗiga wa wani mai zazzaɓi da muka bari a baranda, zai dawo kafin la'asar.

Ina tsaye a bakin gaɓa ina kallonsu. Ba su yi nisa ba, daidai inda rafin ya haɗu da babban kogi ruwa yana murɗawa, firjin ya zame gefe guda. Kwale-kwalen ya karkata a hankali, kamar saniya za ta kwanta, sannan ya kife. Rana tsaka, ba harbi, ba iska.

Mai tuƙi da yaran hafsan suka yi iyo suka kama saiwoyi. Na ga kan Bukar ya ɓullo yana jan kofur ta wuyan riga, ya kai shi ya rataya hannunsa a saiwa. Ya koma ya fito da Bayaraben, shi ma ya kai shi. Daga inda nake ina ganin ƙirjinsa yana sama yana ƙasa. Na yi ta kiran sunansa ina cewa ya isa haka. Ban sani ba ko ya ji. Ya ja numfashi ya sake nutsewa wajen fursunan da aka ɗaure. Na ƙura wa wurin ido har idona ya fara ruwa. Katifa ɗaya ce kawai ta taso tana yawo.

Hafsan ya sa aka tattaro masuntan garin da bakin bindiga, aka kai su wurin. Na ɗauka Bukar za a nema. Sai na ji ana yi musu kwatance da hannu, ana nuna yadda ake juya keken ɗinki. Suka yi ta nutso suna ɗaura igiya ana ja. Suka fito da kekunan, suka fito da garmaho. Hafsan ya tsuguna yana juya hannun keke ɗaya ya ga ko yana aiki, yana ta tsaki saboda firjin ya ƙi fitowa. Na je gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, Likita fa?" Ya ce ruwa zai kawo shi da kansa. Ya sa aka shanya kayansa a rana, ya shafa musu mai. A rayuwata ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ta mutumin nan ba, har da abin da na kwashe da hannuna a asibiti.

Washegari da ruwa ya janye, wani tsohon masunci ya zo ya ja hannuna. Ya sa ni a kwale-kwalensa ya kai ni cikin saiwoyin. Suna nan su biyu a taɓo. Bukar ya kwance hannu ɗaya na fursunan, yatsunsa suna maƙale a ƙullin ɗaya hannun. Ƙaguwa sun riga mu zuwa. Na tuɓe rigata na rufe masa fuska.

Ni na yi masa wanka da ruwan sama da muka tara a tanki. Likkafani kuwa zanen gadon asibiti ne. Mu 'yan kaɗan muka sallace shi a bayan makarantar. Kabarin muna haƙa ruwa yana ɓuɓɓugowa, sai da muka shimfiɗa ganyen kwakwa sannan muka kwantar da shi, fuskarsa gabas. Masuntan suka binne fursunan a kusa da shi bisa tasu al'adar. Matan da yake dama wa 'ya'yansu abinci sun tsaya daga nesa, ba su matso ba, ba su kuma tafi ba har muka gama. Da na koma ɗakinsa in tattara kayansa, na tarar an riga an raba. Takalmansa suna ƙafar wani, agogonsa yana hannun sajen sito.

Bayaraben bai kwana biyu ba ya cika. Kofur ya rayu, amma an yanke ƙafar.

Na ci gaba da ɗaukar marasa lafiya har aka daina harbi, don ba ni da hanyar fita. Daga baya na samu motar dakon kaya da za ta yi arewa, na hau bayanta. Na iso Gaya da abin da bai fi wanda na fita da shi ba. Na kwana gida a Gafasa, gari na wayewa na kama hanyar Kademi.

Labarin ya riga ni isa, amma wani iri. Wani soja ya zo tun tuni ya shaida musu cewa Bukar ya faɗi a fagen fama da bindiga a hannu, bayan ya kashe abokan gaba da yawa. Samarin garin har suna ba juna labarin yadda aka yi. Na yi sallama a gidan, aka shigar da ni wajen Ya Falmata. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ce ina tare da shi a can. Ta dube ni da kyau, ta ce tun da aka kawo mata labarin nan zuciyarta ba ta karɓe shi ba, yaron da ko ɓera ya kama sai ya kai shi bayan gari ya saki. Ta ce in gaya mata abin da idona ya gani.

Na gaya mata duka, ban rage ba sai zancen ƙaguwa. Hannunta bai daina ɓarar gyaɗar ba har na kai ƙarshe. Ta tambaye ni ko an yi masa wanka, ko an sallace shi, na ce da hannuna. Ta tambaye ni ko wanda aka ɗaure ɗin yaro ne. Na ce sa'an Bukar ne. Sai ta ce, "Shi ma yana da uwa." Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta ce in je kasuwa in faɗa wa mahaifinsa kamar yadda na faɗa mata.

Na sami Malam Modu a rumfarsa, bayan tulin kanwa, fuskar nan a ɗaure kamar yadda na san ta. Ya saurare ni bai katse ni ba har na gama. Muna zaune sai ga wani dattijo ya zo sayen kanwa. Ya gaishe shi, ya ce masa uban jarumi, ya fara yabon yadda aka ce Bukar ya yi ta zubar da maza kafin a same shi.

Malam Modu ya ajiye mudun da ke hannunsa. Ya ce, "Malam, daga yau kada a ƙara faɗin haka. Ɗana bai kashe kowa ba. Ruwa ne ya ci shi yana ciro mutane."

Dattijon ya tsaya baki buɗe. Malam Modu ya ɗauki mudun zai ci gaba da awo, amma sai kanwar ta yi ta zubewa ƙasa. Na karɓa na auna wa mutumin.